Kafin a Kashe Antibayiros

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara a kewayen babbar kasuwar Garwa, ko ya zauna a shagon buga takardu a Yelwa yana jiran a gama masa aiki, ya san wannan yanayi. Ana cikin ɗora manhaja, koren layin nan ya kai rabi, sai ya tsaya cak. Allo ya kawo saƙo da Faransanci, wani lokaci «Accès refusé», wani lokaci lamba tsagwaronta, 1603. A sake gwadawa, a sake cijewa a wuri guda. Daga nan sai wani da ke gefe ya kawo shawarar da kowa ya haddace daga Gaundare har Marwa: a kashe antibayiros, aiki zai wuce.

Sau da yawa kuwa yakan wuce ɗin, shi ya sa shawarar ta samu gindin zama. Sai dai saƙon da ya tsayar da aikin yana iya fitowa daga ɗayan abubuwa uku da ba su haɗa hanya ba. Wani lokaci antibayiros ɗin ne ya yi kuskure, ya kama manhaja mai tsabta. Wani lokaci gaskiyarsa ce, akwai mugun abu a cikin fayil ɗin. Wani lokaci kuma babu ruwansa sam, matsalar tana wani wuri dabam. Kashe shi maganin na farko ne kaɗai. A na biyu asara yake jawowa, a na uku kuma ɓata lokaci ne.

Maganar ta shafi jama'a fiye da da. Jami'ar Gaundare tana aiki tun 1993, ta Marwa ta biyo baya a 2008, ta Garwa kuma aka kafa ta a Janairun 2022, kuma kowane ɗalibi yana da rahoton horo ko kundin kammala karatu da zai buga. Ga masu shagunan magani da ke lissafin kaya a kwamfuta, ga masu ɗaukar hoton biki da suna, ga magatakardan ƙungiyoyin manoman auduga, ga makarantun da ke fitar da sakamakon jarrabawa da manhaja. Da yawansu kwamfuta ɗaya gare su, komai nasu kuma yana cikinta.

Abin da ya haɗa antibayiros da manhaja faɗa

Antibayiros na zamani ba ya jira a ce masa ya duba. A can ƙasa yake zaune, dab da zuciyar Windows, duk fayil ɗin da za a buɗe ko a rubuta sai ya bi ta hannunsa. Yana da jerin alamomin bayiros ɗin da aka riga aka sani, yana gwada kowane fayil da su. Yana kuma lura da ɗabi'a, wato abin da manhaja take ƙoƙarin yi. Sannan yana duba asali: shin fayil ɗin yana ɗauke da sa hannun kamfanin da ya yi shi, kuma mutane da yawa sun taɓa amfani da shi lafiya?

To, manhaja a lokacin ɗora ta abubuwan tuhuma take yi tun daga farko har ƙarshe. Tana zazzage ɗaruruwan ƙananan fayiloli a wurin ajiyar wucin gadi, tana rubutu a cikin foldar Windows, tana sauya rajistar Windows, tana neman ta riƙa tashi da kanta duk sanda aka kunna kwamfuta, wani lokaci ma ta janyo wasu sassanta daga intanet. Abin da bayiros yake yi ke nan daidai. Saboda haka antibayiros yakan riƙe fayil na ɗan lokaci yana bincike, mai ɗorawa ya nemi fayil ɗin ya tarar a kulle, sai ya ce an hana shi shiga, ya janye duk abin da ya fara. Ko kuma a ɗauke fayil guda a killace shi shiru, ɗorawa ta kammala, amma in an zo buɗe manhajar ta ce ta rasa wani fayil mai ƙarewa da .dll.

Waɗanda wannan ya fi cutarwa su ne ƙananan masu rubuta manhaja na gida. Matashin da ya rubuta manhajar lissafin shagon magani ko ta makin ɗalibai ba lalle ne yana da takardar sa hannun ba, don kuɗi ake biya a sabunta ta lokaci-lokaci, kuma masu amfani da manhajarsa ba su da yawa. Da an danna ta sai shuɗin akwati ya fito: «Windows a protégé votre ordinateur». Wannan saƙon bai ce an ga bayiros ba. Cewa yake Windows ba ta san fayil ɗin ba, kuma mai kwamfuta ne zai yanke hukunci gwargwadon sanin da ya yi wa wanda ya ba shi.

Ranakun da masu tsaro suka yi ɓarna

Kuskuren antibayiros abu ne tabbatacce, manyan kamfanoni ma bai bar su ba. Ranar 21 ga Afrilu, 2010, McAfee ta fitar da sabuntawa mai lamba 5958, wadda ta ɗauki svchost.exe, fayil ɗin da Windows XP ba ta iya aiki sai da shi, a matsayin bayiros. Kwamfutoci suka shiga kashe kansu suna sake tashi ba tsayawa. A jihar Rhode Island ta Amurka sai da asibitoci suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba.

A Janairun 2018 Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa saboda raunin da aka gano a ƙwaƙwalwar kwamfutoci, wanda aka sa wa suna Meltdown da Spectre. Sai aka tarar wasu antibayiros suna taɓa sassan Windows ta hanyar da ba a amince ba, da an ɗora gyaran sai shuɗin allo. Microsoft ta hana gyaran sauka a kan duk kwamfutar da antibayiros ɗinta bai sa wata alama a rajista ba mai nuna ya dace. A Afrilun 2019 aka sake kwatawa: sabuntawar Windows 7 da 8.1 ta sa kwamfutocin da ke ɗauke da Sophos ko Avast ko Avira suna sandarewa wajen tashi. Mafi girma shi ne na ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da gurɓatacciyar sabuntawa ta kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka koma takarda da biro.

A duk waɗannan, gyaran ya zo ne daga kamfanonin da kansu ta hanyar sabuwar sabuntawa. Antibayiros ɗin da ya shekara bai ga intanet ba, saboda tsadar data ko ƙarewar lasisi, yana nan da tsofaffin kurakuransa, kuma bai san sabbin bayiros ba.

Kwamfuta ɗaya, masu tsaro uku

Rikicin da ya fi yawa a shagunan gyara na gida ne. Kwamfuta 'yar gwanjo takan iso daga Duwala, ko ta tsallako iyaka daga Yola ko Mubi, tana ɗauke da McAfee ko Norton na gwaji wanda wa'adinsa ya ƙare tuntuni. Mai gyara ya ƙara Avast. Aboki ya ƙara Smadav saboda bayiros ɗin nan na filashi da ke ɓoye takardu ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Ga kuma Defender da ke zuwa a cikin Windows 10 da 11. Mai kwamfuta yana ganin ya ninka tsaro, alhali ba a sarki biyu zamani ɗaya. Kowanne yana son ya riga ɗan'uwansa taɓa fayil, wannan ya riƙe, wancan ya jira, kwamfuta ta yi nauyi, mai ɗora manhaja ya gaji da jira ya fita da kuskure.

Defender yakan janye da kansa idan ya ga an ɗora wani cikakken antibayiros, ya kuma dawo idan an cire shi. Matsalar tana wajen cirewar. Goge folda ko cirewa ta hanyar da aka saba yakan bar ragowa a can ƙasa, waɗanda ke ci gaba da tare fayiloli, ko su sa Windows ta ɗauka har yanzu akwai mai tsaro alhali babu. Shi ya sa kamfanonin suka tanadi kayan share ragowar kyauta a shafukansu: Avast Clear na Avast, kavremover na Kaspersky, MCPR na McAfee, da Norton Remove and Reinstall. Shi kuwa Smadav, wanda aka yi a Indunusiya, masu shi da kansu ƙarin kariya suke kiransa, musamman ta filashi, don haka bai isa ya tsaya shi kaɗai ba.

Lokacin da gaskiyarsa ce

Akwai irin manhajar da kullum takan zo da umarnin a kashe antibayiros kafin a buɗe ta: wadda aka fasa wa lasisi, wato kiraki. Office da Photoshop da AutoCAD da wasannin ƙwallo suna yawo daga filashi zuwa filashi a ɗakunan ɗalibai da shagunan tura finafinai, kowanne da ɗan fayil ɗin bayani mai cewa kukan da antibayiros zai yi ƙarya ne. Wanda ya rubuta wannan bayani shi ne wanda ya haɗa fayil ɗin, kuma babu wanda ya san shi.

A Yunin 2021 masu bincike na Avast suka fallasa wani bayiros da suka kira Crackonosh, wanda aka cusa a cikin fasassun wasanni irin su GTA V da PES 2018. Yakan bari a sake kunna kwamfuta wasu lokuta kafin ya motsa, sannan ya tilasta mata tashi a yanayin gyara, inda antibayiros ba ya aiki. A nan zai goge shi, ya kashe Defender da sabuntawar Windows, ya kafa hoton alamar tsaro na bogi a gefen agogo don mai kwamfuta ya ga kamar komai lafiya. Daga nan kwamfutar ta koma haƙo wa ɓarayin kuɗin intanet na Monero dare da rana. Avast ta ƙirga kwamfutoci sama da 222,000 da suka kamu, kuɗin da aka tara kuma ya kai kimanin dala miliyan 2. Mai kwamfuta abin da zai gani kawai shi ne fanka tana ihu, batir yana ƙarewa da wuri, komai yana jan ƙafa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne STOP, da ake kuma kira Djvu, mai garkuwa da fayiloli, wanda babbar hanyarsa ita ce kiraki da kayan kunna Windows da Office na sata irin su jabun KMSPico. Yana kulle hotuna da takardu gaba ɗaya, ya bar wasiƙa mai suna _readme.txt galibi yana neman fansar dala 980, ko 490 in an tuntuɓe su cikin awa 72. Cikakken kuɗin ya haura sefa dubu 500. Sau da yawa yakan zo tare da wani ɓarawon da ke kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza. Ɗalibin da ya guje wa kuɗin lasisi ya rasa kundin da ya shekara yana rubutawa, garin neman gira ya rasa ido. Ban da wannan, dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba, 2000 ta haɗa da manhajojin kwamfuta cikin abubuwan da take karewa.

Ko shafin kamfani na gaskiya yana iya gurɓata. A 2017 ɓarayi suka kutsa cikin masu yin CCleaner, suka cusa mugun abu a sigar 5.33, mutane kimanin miliyan 2.27 suka ɗora ta da cikakken sa hannun kamfanin. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya sa a saurari gargaɗi kafin a yi watsi da shi.

Lokacin da babu ruwansa

A 2016 gwamnatin Kamaru ta sanar da rabon kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, aka fara raba su a ƙarshen 2017 da tambarin PB HEV. Ma'ajiyarsu giga 32 ce, kuma Windows kanta ta cinye kaso mafi tsoka. A irin wannan na'ura, babbar manhaja takan tsaya a tsakiya ne saboda babu wurin zazzage kayanta. Ko sau goma aka kashe antibayiros, wurin ba zai ƙaru ba.

Akwai agogo. Tsohuwar kwamfuta da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan tashi da kwanan watan shekarun baya, sai ta ga takardun sa hannun manhajoji kamar lokacinsu bai zo ba, ta ƙi su. Akwai saukewar da ta yanke saboda sabis ya ɗauke, fayil ya zo guntu. Akwai ɗaukewar wuta, wadda arewacin Kamaru ya sani sarai duk shekarar da ruwa ya yi ƙasa a madatsar Lagdo: in ta ɗauke ana tsakiyar ɗorawa, ragowar aikin farko yakan tare na biyu. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Garwa, kwamfutar da ƙura ta toshe wa fanka takan mutu da kanta in aiki ya yi mata nauyi.

Sai tsufa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, tallafin kyauta na Windows 10 kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Chrome ya tsaya a siga ta 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023. Sabuwar manhaja tana iya ƙin tsohuwar Windows, haka kuma wadda aka yi don 64-bit ba ta hawa kan 32-bit.

Bin abin daki-daki

Matakin farko shi ne karanta saƙon, a ɗauki hotonsa da waya kafin a rufe. Lambobin suna da ma'ana. 0x80070070 na nufin wuri ya ƙare. 1618 na nufin akwai wata ɗorawa da ke gudana, galibi sabuntawar Windows, sai a jira ko a sake kunna kwamfuta. 0x80070005 rashin izini ne, wanda sau da yawa danna dama a zaɓi «Exécuter en tant qu'administrateur» yake warwarewa. 0x800700E1 shi ne mai cewa ƙarara manhajar tsaro ce ta tare fayil ɗin. 1603 kuwa cewa kawai yake aiki ya lalace, bai faɗi dalili ba.

Na biyu, a tambayi inda fayil ɗin ya fito. In daga shafin kamfanin ne, a duba ko girmansa ya yi daidai da wanda aka rubuta, in bai yi ba a sake saukewa. In daga filashin wani ne ko wani zaure na Telegram, kuma aka ce sai an kashe tsaro, to a tsaya nan.

Na uku, a duba abin da antibayiros ɗin ya rubuta. A Windows ta Faransanci ana shiga «Sécurité Windows», sai «Protection contre les virus et menaces», sai «Historique de protection». In babu komai a wurin a daidai lokacin da aikin ya tsaya, da wuya a ce shi ne. In akwai, sunan da ya ba abin yana ba da haske: PUA manhaja ce mai cusa talla ko kayan da ba a nema ba, HackTool kayan fasa lasisi ne, Trojan da Ransom kuwa ba a wasa da su.

Na huɗu, a nemi ra'ayin wasu. Shafin VirusTotal, wanda Google ta saya a 2012, yana gwada fayil da injinan bincike kusan 70 kyauta. In ɗaya ko biyu ne suka yi kuka a kan fayil ɗin sanannen kamfani, ana iya zaton kuskure ne. In gommai ne, a goge shi. Kada dai a tura takardun sirri can, domin abin da aka tura masu bincike suna iya ganinsa.

Na biyar, a sabunta antibayiros da Windows, a gyara agogo, a share wuri, a sake kunnawa, a gwada. In akwai cikakken antibayiros fiye da ɗaya, a zaɓi guda a cire sauran da kayan share ragowarsu. Ga mai amfani na yau da kullum, Defender da ake sabuntawa ya wadatar.

Sai bayan duk wannan ake maganar sassauta tsaro, kuma ga fayil ɗin da aka tabbatar da asalinsa kaɗai. Abin da ya fi shi ne a keɓe wannan fayil guda a «Exclusions», a cire keɓewar bayan an gama. Keɓe dukkan C: ko foldar saukewa daidai yake da cire antibayiros ɗin baki ɗaya. In dole sai an dakatar da shi, a zaɓi mafi gajeren lokaci, kamar minti 10 da Avast ke bayarwa, a zare duk filashi, a katse intanet in ɗorawar ba ta buƙatarsa, a mayar da tsaro da an gama, a yi cikakken bincike. Kwamfutar ofis kuwa ba ta ma'aikaci ba ce, mai kula da na'urorin wurin ake kira.

A shagon mai gyara, da bayan an kamu

Mai kai kwamfuta gyara yana da haƙƙin ya tambaya: wace Windows aka sa masa, daga ina Office ɗin ya fito, antibayiros nawa ne a ciki, kuma akwai abin da aka keɓe? Kafin ya bar shagon ya buɗe «Sécurité Windows» ya ga kariyar tana kunne da idonsa. Wanda ba shi da kuɗin lasisi yana da mafita ta halal: LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, GIMP tana gyaran hoto, VLC tana kunna bidiyo, 7-Zip tana warware ƙunsassun fayiloli, dukkansu kyauta daga shafukansu.

Wanda ya riga ya ga sunayen fayilolinsa sun canza, ga wasiƙar neman fansa, ya katse intanet nan take, ya zare duk abin da ke jone da kwamfutar, kada ya goge fayilolin da aka kulle ko wasiƙar. Biyan fansa ba ya tabbatar da dawowar komai. Shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, yana da mabuɗai kyauta na wasu nau'o'in, kamfanin Emsisoft ma ya fitar da na tsofaffin nau'o'in STOP a 2019, duk da cewa sababbin galibi ba sa buɗuwa. A canza kalmomin sirri na imel da Facebook da banki daga wata na'ura mai tsabta. A Kamaru hukumar ANTIC ce ke karɓar rahoton irin wannan kutse, kuma doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba, 2010 ta tanadi hukunci a kansa.

Abin da ke dawo da aiki tabbas shi ne kwafi na biyu da aka ajiye tun kafin a fara ɗora komai, a kan filashi ko ma'ajiyar waje ko Google Drive. In a filashi ne, a zare shi da zarar an gama kwafa, domin mai garkuwa da fayiloli yana kulle duk ma'ajiyar da ya tarar a jone.